Yadda zaka bi sawun manomi dan Ailan da ya yi kaura, daga gonarsa har zuwa zuri'ar da ya bari

Wannan rubutun na masu son tarihi ne, da daliban da aka dorawa aikin bincike, da kuma 'yan uwanmu mazauna Ailan ko Amurka ko Kanada wadanda wataran abokin aiki ko suruki zai ce musu ai kakan kakansa manomi ne da ya taso daga Ailan, kana tambayarsa daga wane gari sai ya daga kafada. Akwai ma masu yin wannan binciken a intanet a matsayin sana'a, ana biyansu da dala. Aikin baya bukatar wani digiri, mafi yawan takardun kyauta ake duba su, data kawai zaka tanada da hakuri da dan Turancin da zaka iya karanta tsohon rubutun hannu. Sai dai in ka dauko shi ta baya toh zaka sha wahalar banza.

Ga abinda ya kamata ka rike tun yanzu: kar ka fara neman mutumin a Ailan. Fara daga inda aka binne shi kana komawa baya, kuma gona zaka bi, kar ka dogara da suna ko shekaru. Suna yana canzawa daga takarda zuwa takarda, shekarun haihuwa kuwa su kansu masu abin da yawa basu sani ba, amma gona ba'a sayenta ko sayar da ita ko gadonta sai an rubuta, saboda akwai kudi da haraji a ciki.

Dalilin da yasa nace kar a fara da Ailan guda biyu ne. Na farko gobara. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yakin basasarsu, ofishin adana takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dablin ya kama da wuta ya kone kurmus, kidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851 duk suka tafi sai 'yan gutsattsari, haka wasiyyoyi masu dimbin yawa da rajistocin cocin Angilika da aka kai wurin ajiya. Abin haushin ma shine kidayar 1861 da 1871 gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin gobarar, ta 1881 da 1891 kuma aka markade su lokacin yakin duniya na farko. Kenan a karni na 19 gaba dayansa, wanda shine lokacin da mutanen suka fi fita, babu cikakkiyar kidaya ko daya da ta rage. Na biyu kuma sunayensu basu da yawa. Murphy shine sunan dangin da ya fi yawa a kasar, in kace kana neman Patrick Murphy a gundumar Cork ba tare da sunan kauye ba daidai yake da ka sauka a tashar mota a Kano kace a nuna maka gidan Malam Musa.

Domin kar maganar ta zama a iska bari mu dauki mutum daya na gaske mu rika komawa kansa, Falmouth Kearney, dan kauyen Moneygall, wanda ya sauka New York ranar 20 ga Maris 1850 yana dan shekara 19, ya yi noma a Ohio da Indiana, ya mutu a Kansas a 1878. Da badan wani jikan jikokinsa ba da babu wanda zai tuna da shi, shine kakan kakan mahaifiyar Barack Obama. Na zabe shi ne saboda an bi sawunsa a fili kowa ya ga yadda aka yi, kuma hanyar da aka bi ita ce dai wadda kai ma zaka bi.

Fara da bakin iyali da kidaya

Zauna da wanda ya fi kowa tsufa a dangin ka rubuta duk abinda yace, har wanda kake ganin shirme ne. Tambayi ko akwai tsohon Baibul na gida, domin a shafukan farko ko na tsakiya suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, tambayi wasiku da hotuna da katin jana'iza. Amma ka ware shafi biyu, daya na “an ce” daya na “takarda ta nuna”, kar ka taba hada su. Labarin da zaka fi ji shine wai jami'an tsibirin Ellis, inda ake tantance bakin haure a New York a da, su ne suka canza musu suna, wannan ba gaskiya bane, ba'a bude Ellis ba sai 1892 kuma jami'an da jerin sunayen da aka rubuta tun daga tashar da jirgi ya taso suke aiki. Manomin farko dai ya riga Ellis da shekaru masu yawa.

Daga nan sai ka bude akawun a FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin dangi, kyauta ne, ka fara bin kidayar Amurka da baya da baya. Duk shekara 10 ake yinta kuma ana sakin sunaye bayan shekara 72, shi yasa ta 1950 ta fito a 2022. Ka fara da wanda iyalin suka sani da idonsu, ka same shi yana yaro a gidan ubansa, ka samu uban yana yaro a gidan nasa uban, haka har ka kai layin da aka rubuta wurin haihuwa Ailan. Ta 1850 ce ta farko da ta rubuta sunan kowa a gida, kafin nan sunan maigida kawai ake sawa sauran a kirga su. Ta 1880 ta fara fadin dangantakar kowa da maigida da kuma inda aka haifi iyaye, ta 1900 tana fadin shekarar da mutum ya shigo kasar. Ta 1890 kar ka bata lokacinka, wuta ta ci ta a 1921.

Kearney a kidayar 1860 yana gundumar Ross a Ohio, a ta 1870 kuma yana gundumar Tipton a Indiana an rubuta shi manomi, yaran farko haihuwar Ohio na baya haihuwar Indiana, kaga da wuraren haihuwar yara kadai zaka iya gane lokacin da iyali suka tashi. Sunansa kuwa wani wuri Falmouth wani wuri Fulmoth wani wuri Fulmouth, Kearney din ma ana iya samunsa Carney ko Kerney. Malamin kidaya abinda kunnensa ya ji yake rubutawa. Haka O' da Mc na gaban suna, yau akwai gobe babu, Brien da O'Brien mutum daya ne. Shekaru kuma ka basu sarari na biyar sama biyar kasa, mutum zai ce 30 a wannan kidayar bayan shekara goma yace 36 kuma ba karya yake ba, bai sani bane kawai.

Yanzu sai gonar

Nan ne inda mutane suke tsallakewa kuma nan ne naman yake. Daga 1850 zuwa 1880 bayan takardar kidayar mutane akwai wata daban ta gonaki, wadda malamin yake cikewa in ya tarar da manomi. Layi daya ne ga kowane manomi amma wane irin layi: eka nawa aka share aka nome, eka nawa ke nan daji, kudin gonar, kudin kayan aiki, dawaki nawa, shanun tatsa nawa, shanun huda nawa, tumaki, aladu, mudun alkama da masara da dankali da aka girbe a bara, man shanu, ulu, ciyawar da aka yanka aka ajiye. In ka jera na 1860 da na 1870 na mutum daya zaka ga rayuwarsa da idonka, eka ashirin da aka share ta koma sittin, shanun huda sun bace dawaki sun maye gurbinsu, ko kuma akasin haka kaga komai ya ragu ka san akwai ciwo ko bashi a gidan. Ka duba layukan sama da kasa da nasa ma domin makwabtansa ne, da su zaka auna ko shi mai hali ne ko dan barema ne da ya samu ya dan tsaya da kafarsa.

Takardun cinikin gona suna ofishin rajista na gunduma, kuma da yawa FamilySearch sun dauki hotonsu. Littafi biyu zaka nema, na masu saye da na masu sayarwa, ka duba sunansa a duka biyun. Ka karanta takardar har karshe kar ka tsaya a kudin, a karshe ake sa sunan matarsa domin a wancan zamanin yawanci sai da yardarta ake sayarwa, da sunayen shaidu wadanda sau da yawa surukai ne ko 'yan kauye daya. In yasa gicciye a madadin sa hannu ka san bai iya rubutu ba.

In kuwa gonar daga hannun gwamnati ya same ta kai tsaye toh ka dace. Dokar Homestead ta 1862 ta rika ba mutum eka 160 in ya zauna a kai shekara biyar ya gina gida ya noma, kuma shafin hukumar filaye ta Amurka, BLM, yana da takardun mallaka ana dubawa kyauta. Takardar mallakar bata da wani dogon bayani, fayil din da ke bayanta wanda yake ma'adanar kasa a Washinton shine abin nema, a ciki makwabta biyu suke rantsuwa cewa sun san shi sun ga gidansa, girman dakin kaza, rijiya, eka kaza a nome, kuma tunda sai dan kasa ake ba takardar karshe akan samu shedar zamansa dan kasa a makale a ciki. Sannan ka nemi taswirorin gunduma na shekarun 1870, wadanda aka zana kowace gona da sunan mai ita a kai. In kaga Kelly da Ryan da Walsh sun jeru kafada da kafada ba hadari bane, wani ne ya fara zuwa ya aika da kudin jirgi aka biyo shi.

Wannan maganar ta biyo dan uwa ita ce ta bude sirrin Kearney. Ba shine ya fara zuwa ba. Wani dan uwan mahaifinsa mai suna Francis ya riga su zama a Ohio, da zai mutu a 1848 ya bar wasiyya cewa akwai fili na dan uwansa Joseph in har ya zo kasar. Joseph, wanda baduku ne mai dinkin takalma a Moneygall, ya taso a 1849, Falmouth ya biyo shi a 1850, uwar da ragowar yara a 1851. Kaga wasiyyar wani ce ta bayyana dalilin tafiyar iyali guda, kuma in da Falmouth kadai aka tsaya nema ba za'a ganta ba. Saboda haka duk mai sunan dangin da ka gani a gundumar ka bude masa shafi, da masu tsayawa yara wajen baftisma, da shaidun aure.

Neman sunan kauye

Duk wannan wahalar abu daya kake farauta, sunan kauyensu a Ailan. Takardun gwamnati yawanci “Ailan” kawai suke cewa su yi shiru. Inda ake samun kauyen shine inda iyali ne suka yi magana da bakinsu. Dutsen kabari shine na daya, 'yan Ailan suna son a sassaka musu “dan asalin wuri kaza, gunduma kaza”, kuma shafin Find a Grave cike yake da hotunan da masu sa kai suka dauka. Mai binciken asali Megan Smolenyak da ta bi sawun Kearney a 2007, a duwatsun kabarin danginsa a Ohio ta ga sunan Moneygall, ba a nasa ba. Na biyu sanarwar mutuwa a jaridar gari, ka duba Chronicling America, shafin tsofaffin jaridun Amurka. Na uku rajistar cocin da ya yi aure, wasu limaman coci suna rubuta garin ango da amarya. Na hudu, jaridar Boston Pilot ta yi shekara da shekaru daga 1831 zuwa 1921 tana buga cigiyar 'yan uwa, wata ta rubuto tana neman yayanta dan kauye kaza wanda rabon da aji duriyarsa tun yana aikin titin jirgin kasa a wuri kaza, an tattara su ana iya bincikawa. In ya taba zama a New York kafin ya tafi gona ka duba littattafan bankin Emigrant Savings da aka bude a 1850, sun rika tambayar masu ajiya kauyensu da sunan uwa da jirgin da ya kawo su, domin su gane mai kudi in ya zo karba.

Jerin fasinjojin jirgi mutane suna zumudinsa amma gaskiya bashi da yawa a wannan zamanin, suna, shekaru, sana'a, kasa, shikenan. Amfaninsa kaga da wa ya taho. Falmouth a jirgin Marmion ya zo daga Liverpool, wanda ta nan mafi yawansu suke bi, tare da 'yar uwarsa da mijinta.

In mutumin naka Kanada ko Ostireliya ya nufa hanyar daya ce, ofisoshin ne suka bambanta. A Kanada ka nemi takardun rokon fili a ma'adanar kasa ta Ottawa, kuma in kayi sa'a yana cikin mutanen Peter Robinson, wadanda gwamnatin Birtaniya ta kwaso su 2,024 a jirage tara daga Cork a 1825 ta ba kowane magidanci gona a yankin da yanzu ake kira Peterborough, toh jerin sunayensu yana nan da inda kowa ya fito. Ostireliya kuwa ta fi ko'ina sauki, takardar mutuwa a Victoria daga 1853 da New South Wales daga 1856 tana fadin iyayen mamaci da inda aka haife shi da shekarun da ya yi a kasar da sunayen 'ya'yansa, ga kuma shafin Trove na tsofaffin jaridu kyauta.

Ketarawa Ailan

Sai ka samu sunan wuri sannan zaka ketara. Kasar an yanka ta gunduma 32, kowace an yanka ta yankunan coci, su kuma an yanka su kananan yankuna sama da 60,000 da suke kira taunlan, wani gonaki kadan ne kawai da gidaje biyar. Shine adireshin manomi. Ka tantance shi a townlands.ie ko logainm.ie, domin rubutun kan kabari yadda aka ji ne aka sassaka, kuma suna daya yana iya maimaituwa a gundumomi da yawa. Wasu gundumomin ma sun canza suna, King's County da zaka gani a takardun Kearney ita ce Offaly ta yau, Queen's County kuma Laois. Sannan yankin coci iri biyu ne, na gwamnati wanda takardun haraji suke bi da na Katolika, iyakokinsu ba daya ba, wannan yana rikita kowa da farko.

Ka san addininsa kafin ka bude rajista. Rajistar gwamnati ta haihuwa da mutuwa da aure ga kowa bata fara ba sai 1864, auren wadanda ba Katolika ba ne kawai aka fara rubutawa tun 1845, na tsofaffin shekaru suna irishgenealogy.ie kyauta. Manomin farko an haife shi kafin nan, kenan coci ce madogararka. Na Katolika basu kone ba domin ba'a kai su Dablin ba, kuma dakin karatu na kasa ya dora hotunansu a intanet a 2015, har zuwa wajen 1880. Da yawa da Latin aka rubuta, James zaka ganshi Jacobus, William ya zama Gulielmus, John ya zama Joannes, sunan dangi ne kawai ake bari yadda yake. Rubutun wani limamin kamar kaza ta bi ta kan tawada, ka kara girman hoton ka bi shi layi layi, kuma a yammacin kasar wasu rajistocin basu fara ba sai bayan 1840, in mutuminka dan can ne kana iya tarar da bango. Su Kearney 'yan Angilika ne, nasu rajistar ta yankin Templeharry ta tsira, limamin cocin Stephen Neill ne ya zakulo ta a 2007.

Akwai al'adar sa suna da take taimakawa: dan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu kakan wajen uwa, na uku sunan uba, 'yar fari kuma kakarta ta wajen uwa. Ba doka bace, amma in dan farin manominka Michael ne toh cikin iyalai uku masu suna daya fara duba wanda maigidansa Michael.

Gona a wannan bangaren ma ita ce zata cece ka. Littattafan Tithe Applotment na 1823 zuwa 1837 sun rubuta masu rike da gonaki domin karbar kudin coci, sai kuma babban, Griffith's Valuation, littafin kimanta filaye da gidaje domin haraji, wanda aka buga gunduma gunduma daga 1847 zuwa 1864, yana askaboutireland.ie har da taswira. Kowane layi yana baka lambar fili, sunan wanda ke zaune a kai, sunan wanda ya bashi haya, ko gida ne da fili ko fili kadai, girmansa, da kimarsa a fam da sule da kwabo. In kaga an rubuta ofis a gonar talaka kar kayi mamaki, dakin shanu da rumbu ake nufi. Mafi yawansu 'yan haya ne a kasar kakanninsu, masu filin wasu manya ne da wasunsu ma a Ingila suke zaune, kuma in ka ga eka hudu da gidan da aka kimanta sule goma zaka gane da kanka me eka 160 take nufi ga irin wannan mutumin. Lambar filin ka dora ta akan taswirar yau kaga wurin daga sama. Bayan nan ofishin kima ya cigaba da gyara littattafan, duk sanda fili ya canza hannu a soke suna a rubuta sabo da tawada mai launi daban, ta nan zaka ga shekarar da aka soke sunan uban manominka.

Wani gargadi. Yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta rubar da dankali, ta kashe kusan mutum miliyan daya wasu sama da miliyan suka fita, yawan jama'a ya fado daga sama da miliyan 8 a 1841 zuwa kusan miliyan 6 da rabi a 1851. Saboda haka duk wanda ya fita a shekarun nan sai a rubuta yunwa ce ta kore shi. Wataran haka ne, wataran ba haka ba. Kearney a tsakiyar yunwar suka fita amma gado suka je karba, kuma danginsu a baya sun yi arziki a Dablin har wani John Kearney ya shugabanci kwalejin Trinity daga baya ya zama bishop. Wanda yunwa ta fi ci ma yawanci bashi da kudin jirgi. Ka bar takarda ta fadi dalili.

Saukowa kan zuri'a

Yanzu ka juyo ka gangaro. Fayil din rabon gadonsa a kotun gunduma shine mafari, a ciki ake jera magada da garuruwan da suke, har da 'ya'ya mata da sunayen mazajensu, ga kuma lissafin kayan da ya bari daya bayan daya, garma, keken doki, gado, agogon bango, tukunya. Mata su ne ake batarwa domin suna yana canzawa da aure, kuma ta wajensu zuri'a ta fi yaduwa. Falmouth ya auri Charlotte Holloway a 1852, 'yarsu Mary Ann ta auri Jacob Dunham, ta haifi Ralph, Ralph ya haifi Stanley, Stanley ya haifi Ann, Ann ta haifi Barack. Sunan Kearney tun a hawa na farko ya bace daga wannan layin, wanda yake bin maza kadai ba zai taba isowa nan ba. Obama ya je Moneygall a watan Mayun 2011, yanzu har gidan mai da wurin cin abinci akwai a bakin babbar hanyar garin da sunansa.

Ka bi gonar ita ma har yau, wa ya gada, yaushe ta fita daga hannun dangi, bashi ne ko yara ne suka koma birni. William Ford ya bar gundumar Cork a 1847 ya yi noma a Dearborn ta Michigan, dansa Henry, mai kamfanin motocin Ford, ya tsani aikin gona ya gudu wajen injina, kuma a 1917 ya koma ya kafa kamfani a Cork din inda aka fara da kera tarakta. Littattafan tarihin gunduma na shekarun 1880 suna da labaran irin wadannan manoma amma ka yi hattara, kudi ake biya a saka mutum, shi yasa kowa a ciki mai gaskiya ne mai kwazo wanda ya zo da sule biyu a aljihu.

Akwai tambayar da ni dai bana ganin tarihin ya cika in ba'a yi ta ba, gonar ta waye kafin ya zo? Takardar mallaka zata nuna maka kamar daga gwamnati abin ya fara, alhali yankin Ross kasar kabilar Shawnee ce, 'yan asalin wurin, da aka karbe bayan yarjejeniyar Greenville ta 1795, Tipton ta mutanen Miami ce wadanda aka kwashe a 1846, inda Falmouth ya mutu a Kansas kuma kasar Osage ce har zuwa shekarun 1860. A Ostireliya dangin Patrick Durack dan gundumar Clare sun koro dubban shanu daga Queensland zuwa Kimberley daga 1883 zuwa 1885 suka kafa daular kiwo a kasar mutanen Miriwoong, wadanda daga baya su ne suka zama ma'aikatan gonar. Dan hayan da masu fili suka matsa masa a gida ya ketare teku ya zauna a filin da aka kori wasu, duka biyun gaskiya ne kuma duka biyun zaka rubuta. Ka nemi sunan kabilar da shekarar yarjejeniyar, sakin layi daya ya isa.

Gwajin DNA yana da amfani in takardu sun kare, musamman in an samu tsoho a dangin ya bada yawu, amma zai ce maka ne ku dangi ne da wane, ba zai fada maka ta wace hanya ba, sai ka koma takardun dai. Bishiyoyin dangi da mutane suke dorawa a shafin Ancestry kuma kar ka kwafa ido rufe, mutum daya ya yi kuskure dari sun kwafa, har kaga mace ta haihu tana shekara shida.

In ka zo rubutawa bi rayuwarsa a jere, kauyen, tafiyar, gonar farko, aure, yara, kaura, mutuwa, sannan zuri'a. Kowace shekara da ka rubuta ka ajiye a gefe daga wace takarda ta fito da shafinta, ka sauke hoton takardar a wayarka ka sa masa suna mai ma'ana domin shafukan intanet suna canza adireshi. Inda takardu biyu suka saba ka kawo duka biyun ka fadi wadda ka fi yarda da ita da dalili, yawanci wadda aka rubuta kusa da lokacin da abin ya faru. Wadanda suke raye kuma kar ka saka sunansu ko ranar haihuwarsu ko garinsu a abinda zaka dora a intanet sai ka tambaye su sun yarda.